Kurakuran da sabbin ma'aikatan lafiya ke maimaitawa a kan yaron da ciwo ya ƙi saki

Na daɗe ina karɓar sabbin likitoci da ma'aikatan jinya a ɗakin kwantar da yara, kuma kusan duk rukunin da ya zo sai ya faɗa ramin da na gabansa ya faɗa a kan yaron da ciwo ya ƙi saki: yau gudawa, gobe tari, jibi kunne yana zubar da ruwa, a sallame shi a farkon wata ya dawo kafin wata ya raba. Irin wannan yaro, in ba tamowa ce ke cinsa ba, to ko dai wata ƙwayar bairos ce ta zauna masa a jiki, kamar ta ƙanjamau, ko kuma da raunin garkuwar jiki aka haife shi, wato gado ya yi. Tamowa kowa ya iya ganinta, ƙanjamau kuma an koya mana ita har mun haddace. Raunin garkuwa na gado ne ake mantawa da shi, alhali nau'o'insa da masana suka tantance zuwa yanzu sun haura 450.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne rufe fayil da zarar gwajin ƙanjamau ya nuna babu. Ni da kaina na tafka shi a shekarata ta biyu da fara aiki. An kawo mini yaro ɗan wata huɗu, bakinsa fari fat da ƙuraje kamar an shafa masa kindirmo, gudawa ta yi mako shida ba ta tsaya ba, wurin da aka yi masa allurar BCG ta rigakafin tarin fuka a dantse ya zama gyambo, ga kaluluwa a hammata kamar ƙwan zabo. Na sa aka gwada uwa, babu ƙanjamau. Na sa aka yi wa yaron nasa gwajin, shi ma babu. Sai na rubuta tamowa da ciwon huhu, na ɗora shi a kan allurai da madarar warkarwa, na wuce gado na gaba hankalina kwance. A daren kwana na tara wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke aikin dare ta ji kakar yaron tana kiransa Ajuji, sai ta tambaye ta dalili. Kakar ta ce: “Ai wabi ne, 'yar nan. Wannan shi ne na uku, duk maza, ba wanda ya kai yaye. Ni ma maza biyu na binne kafin in samu uwarsa.” Da safe ma'aikaciyar ta tare ni a ƙofa ta ce: “Likita, ka tambayi matar nan 'ya'ya nawa ta haifa, ko kuwa nawa ke raye kawai ka tambaya?” Na biyun kawai na tambaya. Da na koma takardar gwajin jininsa ta ranar farko, adadin limfosait, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, bai kai 1,000 ba, kuma da hannuna na yi masa alamar lafiya lau. Yaron bai kai ƙarshen watan ba.

Kurakurai biyu ne a cure cikin wannan labari. Na farko, karanta jinin jariri da ma'aunin manya. Babban mutum mai limfosait 1,500 a kowace mikrolita ta jini lafiyarsa ƙalau, amma jariri ɗan watanni kaɗan nasa ya kan haura 4,000, kuma duk wanda nasa ya gaza 2,500 ya cancanci a sake gwadawa, a kuma yi zargin SCID, wato raunin garkuwa mai tsanani da ke hana jiki samar da ƙwayoyin T, wani rukuni na limfosait. Takardun ɗakunan gwaji da yawa ma'aunin manya suke bugawa a gefe, shi ya sa ba na kallon wannan gefen ko kaɗan. Nakan ɗauki jimillar fararen ƙwayoyin jini in lissafa kason limfosait da kaina, sannan in duba hoton ƙirji in ga ko inuwar taimos, ƙullin naman ƙirji inda ƙwayoyin T ke girma, tana nan, domin a jariri mai lafiya takan fito sosai. Na biyu, rashin tambayar tarihin gida. Ba a tambayar uwa “akwai mai irin wannan ciwo a danginku?”, domin amsar kullum a'a ce. Ni nakan ce: “Baiwar Allah, haihuwa nawa kika yi, nawa suka koma, maza ne ko mata, wata nawa suka yi?” Daga nan in tambayi 'yan'uwanta maza da kawunnenta, in kuma tambaya ko ita da maigidan 'yan'uwa ne. Idan maza kaɗai ke mutuwa ta ɓangaren uwa, gadon yana kan ƙwayar halitta ta X, kuma kowane ɗa namiji da za ta haifa rabi da rabi ne. Idan auren zumunci ne kuma uwa da uba duk suna ɗauke da gadon cutar, maza da mata duk suna iya kamuwa, ɗaya cikin huɗu a kowane ciki. A inda ɗan wa ke auren 'yar ƙane kamar wajenmu, wanda bai yi wannan tambaya ba bai duba yaron ba, ko da ya cika fayil da rubutu.

Abin da ya sa nake zafi a kan wannan shi ne lokaci. Tun 1968 aka fara warkar da SCID da dashen ɓargo a Minnesota ta Amurka, kuma jariran da aka yi wa dashen kafin su cika wata uku da rabi, kafin cututtuka su kama su, fiye da kashi 90 cikin 100 suna rayuwa. Shi ya sa jihar Wisconsin ta fara gwada duk jariran da aka haifa a 2008, kuma zuwa ƙarshen 2018 dukkan jihohin Amurka sun bi sahu. Mu ba mu da wannan gwaji a ɗakin haihuwa, abin da muke da shi shi ne bakin kaka da takardar ƙidayar jini.

Daga nan sai batun rigakafi, kuma a nan ina roƙon kada a juya maganata. Rigakafi wajibi ne ga yara, kuma shi ne ya kai Afirka ga samun takardar shaidar rabuwa da ƙwayar shan-inna ta asali a watan Agustan 2020. Amma jaririn da wansa ko yayarsa suka mutu da alamun SCID, ba a ba shi rigakafi mai rayayyar ƙwaya sai an gwada shi: BCG, ɗigon shan-inna na baki, ɗigon rota na rigakafin gudawa, daga baya kuma allurar ƙyanda da ta shawara. Ƙwayar da aka raunana ba ta cutar da yaro mai garkuwa, amma a jikin da ba mai tsaro takan bazu, ko ta zauna. An samu wani mutum a Ingila mai raunin garkuwa wanda ya shafe kusan shekara 28 yana fitar da ƙwayar shan-inna ta rigakafi a cikin kashinsa. Sauran yaran gidan ma allurar shan-inna ta fi dacewa da su maimakon ɗigo. Al'adata ita ce in rubuta gargaɗin da jan biro a katin awon cikin uwar tun kafin ta haihu, domin ranar haihuwa ba ni ne zan kasance a wurin ba.

Haka kuma kada a yi gaggawar jawo uba a ɗebi jininsa a ƙara wa irin wannan yaro. Fararen ƙwayoyin jinin ɗan'uwa suna iya kama wuri a jikinsa su afka masa, don haka jinin da aka haska da na'ura ake nema. Ko David Vetter, yaron Texas mai SCID da ya rayu cikin tantin roba daga 1971 zuwa 1984, wata ƙwayar bairos mai suna EBV da ke kwance cikin ɓargon yayarsa ce ta haddasa masa sankarar da ta kashe shi bayan dashe.

Wani kuskuren da na ga ya kusa kashe aure shi ne yi wa jariri gwajin ƙanjamau na tsinke, sannan a faɗa wa iyaye sakamakon a matsayin hukunci. Wani sabon ma'aikaci ya taɓa yin haka ga ɗan wata biyar, ya faɗa wa uwar a gaban uwar mijinta cewa yaro ya kamu, kafin la'asar an kwashe mata kaya. Gwajin tsinke sinadaran kariya da jiki ke yi wa ƙwayar yake gani, kuma na uwa suna iya zama a jinin ɗanta har wata 18. Abin da ya nuna shi ne uwar tana ɗauke da ƙwayar, ba lallai yaron ba, kuma da aka yi masa PCR, gwajin da ke gano ƙwayar kanta, babu komai. Ƙa'idar ita ce a ɗiga jinin dunduniya a takarda a mako na shida don PCR, a fara ba shi kotirimokzazol, maganin kare shi daga cututtuka, a sake gwaji bayan yaye, tunda nono yana iya ɗaukar ƙwayar. Akasin wannan ma kuskure ne, wato a ce sai ya cika wata 18 a gwada shi, alhali kusan rabin jariran da suka kamu ba sa kai shekara biyu idan ba a fara musu magani ba. Sakamako kuma uwa ake faɗa wa ita kaɗai, ƙofa a rufe.

Ciwon hanta nau'in B shi ma sakaci ne ke zaunar da shi. Babban da ya kamu, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne ciwon ke zame masa na dindindin, amma jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa kusan kashi 90 ne. Allurar rigakafinsa ta farko cikin awa 24 da haihuwa ake yin ta, ba bayan suna ba, balle bayan arba'in. Na gaji da jin cewa yau ba ranar rigakafi ba ce. A gwada uwa tun tana awo, a kuma ja kunnen iyaye a kan askar wanzami ɗaya da ke yi wa jarirai da yawa cire beli da kaciya.

Sauran ƙanana ne, amma suna da tasiri. Cibiyar da ta wuce wata guda ba ta faɗi ba alama ce ta matsalar fararen ƙwayoyin jini, ba toka ko man shanu take buƙata ba. Namijin da ya yi lafiya wata shida na farko sannan ciwon kunne da na huhu suka fara yi masa layi, a leƙa maƙogwaronsa, domin rashin ganin tansil, ƙullin naman gefen maƙogwaro, yana nuni ga cutar raunin garkuwa ta gado da likita Ogden Bruton ya bayyana a 1952, wadda ke fitowa lokacin da kariyar uwa ta ƙare. Yaron da zazzaɓi ya ƙi sauka makonni, saifa da hanta sun kumbura, jini yana raguwa, gwajin maleriya kuma babu, a daina sauya masa maganin maleriya, a tuna da EBV da cututtukan gado da ke hana jiki shawo kanta. A ɗebi jinin gwajin sinadaran kariya kafin a ƙara jini, ba bayan an ƙara ba.

Idan zargi ya yi ƙarfi, nakan ware yaron daga masu tari da ƙyanda, in fara masa maganin kariya, in rubuta takardar turawa asibitin koyarwa a ranar. A cikinta nakan zana bishiyar dangi har kakanni, in rubuta adadin limfosait da shekarun yaron a gefensa, da rigakafin da aka riga aka ba shi, da ko an taɓa ƙara masa jini, sannan in kira likitan da zai karɓe shi a waya kafin motar ta tashi.