Kurakuran da ke hana shafinku fitowa a Google

Na gaji da amsa tambaya ɗaya. Duk yaron da ya buɗe shafin intanet a yankinmu, tun daga Gumel har Maigatari, ba ya rufa wata biyu zai zo min da waya a hannu yana cewa Yaya, ni fa Google ba ya nuna shafina, ko akwai wani sirrin SEO da kuke ɓoye mana? SEO, wato dabarun sa shafi ya fito a binciken Google, babu sirrin komai a ciki, kurakuran ne dai iri ɗaya kuke ta maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta su kowa ya huta.

Na farko shi ne wanda har yau in na tuna raina yana ɓaci. Shafina na farashin kasuwa ne, riɗi, zoɓo, gero, da kuɗin dabbobi ranar Alhamis in Maigatari ta ci. Wani a cikin birnin Kano na biya ya haɗa min a WordPress, manhajar haɗa shafi, aiki ya yi kyau a ido, ya karɓi kuɗinsa. Ashe akwai wani ɗan akwati a Settings, ƙarƙashin Reading, wanda in aka sa masa alama yana gaya wa injinan bincike kar su saka shafin a jerinsu, masu haɗa shafi suna kunna shi lokacin da suke aiki, shi kuma ya tafi ya bar shi a kunne. Kaka guda cur ina yawo a kasuwa ina tambayar dillalai nawa buhu, ina dawowa da daddare in nemi inda netwok ke kamawa in ɗora, data tana ƙarewa ina sake saye, amma ko mutum ɗaya Google bai turo min ba, saboda wannan alamar tana liƙa wa kowane shafi umarnin noindex. Lokacin da masu sayen riɗi ke neman farashi ya zo ya wuce ni.

Gyaran ko minti biyu bai kai ba. Ka shiga Google ka rubuta site: sai ka liƙa adireshin shafinka ba tare da tazara ba, in bai nuna komai ba to akwai matsala. Ka cire alamar nan, ka buɗe Google Search Console, wajen da Google ke nuna maka yadda shafinka yake a bincikensu, kyauta ne, ka tabbatar musu kai ne mai shafin, ka miƙa musu taswirar shafinka, wato jerin adireshin rubuce-rubucenka, sannan ka liƙa adireshin rubutu ɗaya a akwatin da ke sama ya gaya maka ko yana cikin jerinsu. Ni yanzu duk wanda ya taɓa min shafi, ko hoto ya canza, sai na koma na duba akwatin nan kafin in sallame shi.

Na biyu kuwa faɗa zan yi muku, don wannan ba rashin sani ba ne, kwaɗayi ne. Sayen tirafik, wato baƙin da ke shiga shafi, da guruf ɗin nan na WhatsApp da Telegram na danna min talla in danna maka. Haba samari! Kuna tsammanin Google ba ya ganin waya ashirin ɗin nan su ne kullum suke danna tallan juna? Wani ƙanena ya shiga, kuɗin AdSense ɗinsa, wato abin da Google ke biya kan tallan da ke shafi, na ta hawa yana murna ya kusa dala 100 da ake fara biya, har ya fara cin bashi a shagon caji da sunan kuɗi na nan tafe, rana ɗaya aka rufe akawun ɗin, ko sisi bai gani ba, kuma in an rufe maka saboda dannawar bogi da wuya su sake karɓarka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ce zai turo maka baƙi dubu goma a naira kaza, buɗe Google Analytics, mai ƙirga baƙin shafi, ka duba ƙasashen da suka fito da daɗewar da suka yi. Kai kana rubuta farashin akuya da Hausa, baƙinka duk daga wasu ƙasashen da ba a jin Hausa, kowa sakan ɗaya ya fita. Ba mutane ba ne, inji ne. Haka masu sayar da link ɗari biyar daga wasu shafuka zuwa naka a dare ɗaya, tun 2012 Google ya fito da wani tsari mai suna Penguin don maganinsu, in ka yi sa'a a yi watsi da link ɗin kuɗinka ya tafi a banza, in ba ka yi sa'a ba ka tarar da saƙon hukunci a Search Console. Link ɗaya daga shafin ƙungiyar manoma ko wata jaridar Hausa da ta ambace ka don ta ga amfanin rubutunka ya fi su gaba ɗaya.

Sauran ƙanana ne. Kwafo labarin BBC Hausa ko Aminiya ka liƙa, Google ya riga ya san wa ya fara wallafawa, ba zai ɗora ka a kansu ba. Cika akwatin meta keywords, inda ake jera kalmomin bincike, tun 2009 Google ya ce ba ya aiki da shi. Shafi babu https, tun 2018 Chrome ke nuna wa baƙo cewa ba shi da tsaro. Wasu har yanzu tsohon kod ɗin Analytics mai farawa da UA ne a shafinsu, alhali ya daina ƙirga tun 1 ga Yuli 2023, sai ka koma sabon, wato GA4 mai farawa da G.

Hotuna ma ku rage musu nauyi don Allah. Ka ɗauki hoton sa a kara da waya ka ɗora shi yadda yake, mai karatunka yana ƙauye da sandar netwok ɗaya, kafin ƙahon san ya bayyana ya fita. Google so yake babban abin da ke shafi ya buɗe cikin sakan 2.5, kuma fasalin waya yake dubawa ba na kwamfuta ba. Ni a ƙaramar wayar gidanmu nake gwadawa, ba a tawa ba.

Sai masu buɗe Analytics sau goma a rana suna kallon lamba, rabin baƙin ma su ne da kansu suke shiga suna fita. Wasu kuma su ga Direct, wato baƙin da Analytics bai ga inda suka biyo ba, ya yi yawa su ɗauka mutane sun haddace adireshinsu, alhali yawanci link ɗin da suka tura WhatsApp ne, sa masa alamar UTM, ɗan ƙarin da ake liƙa wa link don ya nuna inda baƙo ya biyo, za ka gane. Ni sau ɗaya nake dubawa a sati, ranar Juma'a bayan na ɗora farashin Alhamis, kuma Search Console nake fara buɗewa, wajen Performance, don a nan ake ganin ainihin abin da mutane suka rubuta kafin su same ka, har na wata 16 baya. A nan na ga ba wanda ke neman "rahoton harkokin kasuwanci" da nake sa wa a kai, abin da suke rubutawa shi ne "farashin ridi yau" da "nawa ne buhun zobo a Maigatari", babu ƙugiya ma a haruffan don haka wayoyinsu ke rubutawa. Yanzu kan rubutuna sunan kaya ne, sunan kasuwa, da kwanan wata, farashin kuma a layin farko nake sa shi, gaisuwa da bayani su biyo baya.