Yadda na gyara wasan burauza da ke ta tsattsayawa

Bayan na saka sabon katin hoto na Intel Arc a kwamfutata mai amfani da Linux, wani wasan tsere da nake yi a burauza ya koma tafiyar hawainiya. Hoto na yankewa, fanka na ta kuka. Na fara zargin intanet, na goge ma'ajiyar burauza, na cire ƙarin manhajoji, duk a banza.

Sai na buɗe chrome://gpu, shafin da burauzar Chrome ke nuna yadda take amfani da katin hoto. A nan na ga WebGL, wato hanyar da burauza ke zana hoto mai zurfi, ba ya amfani da katin ko kaɗan. Umarnin glxinfo -B ya nuna llvmpipe, ma'ana furosesa ce ke ɗauke da aikin zanen gaba ɗaya.

Na buga uname -r don in ga lambar kanel, wato ginshiƙin Linux da ke sarrafa kayan na'ura, ya ba ni 5.15, kanel ɗin da Ubuntu 22.04, nau'in Linux ɗin da nake amfani da shi, ta fito da shi. Wani ɓangare na direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa katin, a Linux yana cikin kanel ne, kuma sai a 6.2, a shekarar 2023, aka kunna goyon bayan waɗannan katunan kai tsaye. Ashe kanel ɗina ya girmi katin, shi ya sa bai gane shi ba.

Na girka linux-generic-hwe-22.04, kunshin da ke kawo sabon kanel, na sabunta Mesa, wato ɗaya ɓangaren direban hoto, na sake kunna na'ura. Ban goge tsohon kanel ba, na bar shi a GRUB, wato jerin da ake zaɓar kanel yayin kunna na'ura, saboda ko ta kwana, kuma ina ganin kowa ya kamata ya yi hakan. Da na koma chrome://gpu, WebGL ya hau kan katin, wasan na gudu sumul, fankar ma ta yi shiru.