Kafin ku sayar da fili don allurar laka a ƙasar waje

Duk bayan ɗan lokaci sai an turo min irin saƙon nan: an kafa gidauniya, wani bawan Allah ya yi hatsari a hanyar Zariya ko ya faɗo daga gini, lakarsa ta taɓu, an samo asibiti a waje da zai yi masa allurar sitem sel (ƙwayoyin halitta na asali da ke iya rikiɗa su zama wasu nau'in ƙwayoyin jiki) ya miƙe, ana neman miliyan kaza. Da yake mutanen unguwa sun san ƙanena yana kan keke, sun kuma san mun taɓa fita da shi, ni ake kira. Yawanci kuma sai an riga an biya kafin alƙalami ake tuna lambata. Na gaji da nanata magana ɗaya.

Har yau babu allurar sitem sel da aka tabbatar tana haɗa lakar da ta lalace. Hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ba ta amince da ko ɗaya ba don wannan rauni. Bincike kam ana yi, na gaske. Kamfanin Geron ya fara gwaji a kan mutane a 2010, ya tsayar a 2011 saboda kuɗi. Japan ta ba wani magani mai suna Stemirac izini na wucin gadi a ƙarshen 2018, bisa gwajin mutum 13 kacal, ba tare da wasu da aka kwatanta su da su ba, masana kuwa suka yi mata ca. A 2025 Jami'ar Keio ta Japan ta ce cikin mutum 4 da ta dasa wa ƙwayoyin, 2 sun samu ci gaba, kuma duka an yi musu ne 'yan makonni bayan raunin. Waɗannan labaran su ne dillalin asibitin waje zai turo maka da tsakar dare. Ba zai gaya maka cewa asibitinsa ba ya cikin ko ɗaya ba, ko kuma cewa idan rauni ya tsufa wurin yakan zama tabo da kogo, zaren jijiya ba ya iya ƙetarewa.

Wasu kuma labarin sikila ke ruɗa su. Gaskiya ne dashen ɓargo yana warkar da sikila, har a Najeriya an fara yinsa a Benin a 2011. Amma jini daban, laka daban.

Abin da ya fi cin mutane shi ne bidiyo. Mu ma shi ya ci mu. Za a nuna maka saurayi a kan keke, sai ga shi yana takawa da sanda, mahaifiyarsa na kuka tana godiya. Wa ya gaya maka irin rauninsa? Likitoci suna auna raunin laka daga A zuwa E. Mai A babu ji babu motsi har can ƙasan jiki, wajen dubura. Mai C ko D akwai sauran hanya a lakar, saƙo na wucewa. Irin waɗannan da yawa suna samun sauƙi da kansu, musamman a wata 3 zuwa 6 na farko, abin ya ci gaba a hankali har wajen shekara ɗaya ko ɗaya da rabi. To asibiti ya ɗauki mai C a wata na biyu, ya yi masa allura, ya haɗa masa da gashin ƙashi na sa'o'i kullum har makonni, sannan ya ɗauki bidiyo. Allurar ce ta yi aiki, ko gashin, ko jikin da dama can yana kan hanyarsa? Shi kansa mai asibitin bai sani ba, kuma ba ya son ya sani.

Bayan dawowarmu ƙafar ƙanena ta fara zabura. Ka taɓa tafin sai ta harba. Gida ya kaure da kabbara, kawunmu ya yanka rago, aka kira 'yan uwa har na Kafanchan. Da mai gashinsa ta zo, ta tsaya ta kalla, sai ta ce min, "Alhaji, ka ce masa ya ɗaga ta da kansa." Ya yi ta yunƙuri har gumi ya karyo masa, ƙafa ko gezau. Ta ce wannan zaburar jijiya ce, lakar da ke ƙasa da raunin ce ke amsawa ita kaɗai, kuma tana zuwa wa mafi yawan masu irin wannan rauni ko an yi allura ko ba a yi ba. Mu kuwa mun riga mun aika wa asibitin bidiyon. Amsar da ta dawo: alama ce mai kyau, ku dawo zagaye na biyu kafin ƙwayoyin su yi sanyi. Da sabon farashi.

Shi ya sa yanzu duk wanda ya kira ni ba na sauraron sunan ƙasa ko na asibiti sai ya kawo min takarda mai ɗauke da abu biyu: a wace gaɓa raunin yake, kuma wane harafi ne. A je Shika, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, ko Barau Dikko nan cikin garin Kaduna, likitan da ba shi da ko sisi a tafiyar ya auna ya rubuta ya sa kwanan wata. Idan kun nace sai kun tafi, shi ɗin dai zai sake aunawa in kun dawo. Wasu na ganin na cika tsanani. Ni dai haka nake yi.

Akwai masu cewa in bai yi amfani ba ai ba zai cutar ba. Wa ya gaya muku? A 2006 wasu likitoci uku suka bibiyi mutum 7 da suka je Beijin aka dasa musu ƙwayoyin tayi. Babu wanda ya samu sauƙin a zo a gani, 5 daga ciki kuma sun gamu da matsala, har da sanƙarau. Wata mata da aka dasa wa naman cikin hancinta a laka a Fotugal, bayan shekara 8 aka ciro mata ƙari a wurin yana fitar da majina. A Jamus an rufe wata babbar cibiyar irin wannan allura a 2011 bayan mutuwar wani yaro. Indiya ma da mutanenmu ke rububin zuwa, ƙa'idojinta na 2017 sun ce in ban da dashen ɓargo don cututtukan jini, sauran duk gwaji ne, ba magani ba. Gwaji na gaskiya kuwa ba a saba cajin majinyaci miliyoyi a kansa ba.

Sai maganar kuɗi, wadda in na fara raina ɓaci yake. Filin gadonmu na Rigasa ya tafi, mota ta tafi, gwala-gwalan mahaifiyarmu sun tafi. Muka dawo gida babu kuɗin katifar iska. Yaro ya kwanta a katifar da ya saba, kowa ya koma neman abin biyan bashi, juyin da ake masa dare da rana ya koma sai an tuna. Wani ɗan ja ya fito a ƙugu, ba ya jin zafi balle ya yi ƙorafi. Kafin a farga ya zama rami. Watanni muka yi muna wankin gyambo, gashi ya tsaya cak domin ba ya iya zama. Ku ji ni da kyau: a ƙasashe irin namu, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara su ne ke kashe masu raunin laka, ba rashin tafiya ba. Kuna zaune kuna lissafin dala, mutum yana kwance a gefe ɗaya tun asuba! A juya shi duk bayan awa 2. A duba fatar ƙugu, ɗuwawu da dunduniya safe da yamma. A koyi zura robar fitsari cikin tsafta duk awa 4 zuwa 6 in likita ya ce ta dace da shi. A sayi kushin na keke mai kyau, ba matashin kujerar falo ba. Wanda rauninsa ke daga gaɓar ƙashin baya ta T6 (daidai ƙirji) zuwa sama, in ya ce kansa na sarawa, fuska ta yi ja yana zufa, a zaunar da shi tsaye a duba ko fitsari ya toshe, domin jininsa ne ya hau kuma yana iya kisa. Ni a wurina, iyalin da ba su ware kuɗin katifa, roba, keke da gashi na shekara biyu ba, ba su da hurumin yin maganar jirgi.

Sauran kurakuran ba sa bukatar dogon bayani. Ganin sunan asibiti a shafin ClinicalTrials.gov ba shaidar amincewa ba ce, rajista ce kawai. Kada a tura kuɗi asusun dillali. Kada a dakatar da gashi wai ana jiran biza, gaɓoɓi sandarewa suke. Doguwar tafiya a jirgi tana jawo gyambo da daskarewar jini a ƙafa, a tambayi likita tukuna. A nemi a rubuce: wace irin ƙwaya ce, daga jikin wa, ta ina za a sa ta, wa zai ɗauki nauyi in zazzaɓi ya tashi bayan an sauka Kaduna. Garin da ake tallatawa a leda da sunan sitem sel ana cewa a zuba a ƙarƙashin harshe, na 'ya'yan itace ne, ku bar kuɗinku. Mai ɗori kuma kada ya kusanci ƙashin bayan da ya karye.

Ku kuma tambayi mai jikin. A taron iyali ana yanke shawara a kansa yana ɗaki yana jiyo muryoyi. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2004 ya tambayi masu raunin laka abin da suka fi so ya dawo. Waɗanda abin ya kama har hannu suka ce hannu. Waɗanda ya kama daga ƙugu suka sa mu'amalar aure a gaba, riƙe fitsari da bayan gida kuma ya zo sama a wurin kowa. Ranar da na tambayi nawa ƙanen, cewa ya yi, "Yaya, a faɗaɗa min ƙofar banɗaki keke ya shiga, a cire dakalin ƙofar gida, in koma shago." Magini ya gama aikin da buhunan siminti kaɗan, yanzu yana gyaran waya a bakin layi.