Ƙarin caji a kan biyan bashi da kati a Amurka: yadda za ka ƙi shi, da inda za ka kai koke

Mai biyan bashin mota dala 450 a wata, idan aka ɗora masa kashi 3 cikin 100 don ya biya da kati, dala 13.50 ke nan kowane wata. A bashin wata 60 ya tashi dala 810. Kuɗi ne da ba ya rage uwar bashin, ba ya kuma cikin kuɗin ruwan da aka yi yarjejeniya a kai. Wani cajin halas ne a doka, wani kuma ba shi da tushe. Kafin ka ɗaga waya, sai ka san wanne aka yi maka.

Wane irin caji ne?

Duba rasit ko shafin da ka biya. Abu uku ne ke fitowa, kowanne da ƙa'idarsa.

Na farko shi ne wanda ake rubuta wa surcharge: kaso ne da ake ƙarawa saboda kawai ka yi amfani da katin kiredit, wato katin da banki ke ba ka bashi da shi. Visa ta ƙayyade shi a kashi 3 cikin 100 tun watan Afrilun 2023, Mastercard kuma kashi 4. A duka biyun bai halatta ya wuce abin da kamfanin da ya caje ka yake biya don karɓar katin ba. Dole a sanar da kai kafin ka biya, a kuma rubuta shi a layinsa daban a rasit. Babban abin lura shi ne ba a ɗora shi a kan katin debit, mai cire kuɗi daga asusunka kai tsaye, ko katin da ake loda wa kuɗi, ko da na'ura ko shafin ya bi da katin ta hanyar kiredit. A nan ake yawan kama kamfanoni. Mafi yawan masu ba da bashi ba sa karɓar katin kiredit kai tsaye, debit suke karɓa. To idan da debit ka biya kuma ka ga kaso a kai, kana da hujja mai ƙarfi.

Na biyu shi ne convenience fee, wato kuɗin da ake karɓa don an ba ka wata hanyar biya, kamar ta waya ko ta intanet, maimakon ceki ko cire kuɗi daga asusu. A ƙa'idar Visa wannan kuɗi tsayayye ne, kamar dala 5 ko 10, ba kaso ba ne, kuma ba a sa shi a biyan da ke cire kansa kowane wata. Idan an sa masa wannan suna amma yana hawa da sauka gwargwadon abin da ka biya, sunan aro ne.

Na uku ba daga mai bashin yake ba. Bankinka ne ya lissafa biyan a matsayin cire tsabar kuɗi da katin kiredit, ya sa cajinsa, kuɗin ruwa kuma ya fara tafiya tun ranar. Wannan kai da bankinka ne, kai ƙarar mai bashi a kansa ɓata lokaci ne. Haka nan idan kai ka je ka nemi wani kamfanin tsakani ya biya maka da katinka, ka amince da ladansa, da wuya ka dawo da shi.

Jiha ma tana da bakin magana. Connecticut da Massachusetts sun hana ƙarin caji a kan katin kiredit. Colorado ta yarda da kashi 2 ko ainihin kuɗin da aka kashe wajen karɓar katin. A New York, inda 'yan uwa da yawa suke zaune a unguwar Bronx, tun Fabrairun 2024 doka ta ce a nuna wa mutum cikakken abin da zai biya da kati tun kafin ya biya. Dokokin nan suna sauyawa, don haka ka leƙa shafin Antoni-Janar na jiharka.

Yarjejeniyar bashin, da wanda ke karɓar kuɗin

Ɗauko takardar da ka sa wa hannu ka karanta sashen biya da na caje-caje. Tambaya ɗaya ce: an ambaci wannan cajin ko ba a ambata ba?

Amsar tana da nauyi sosai idan mai karɓar kuɗin kamfanin karɓar bashi ne, ko kamfanin da ya karɓi kula da bashin bayan an riga an daina biya. Dokar tarayya ta 1977 kan masu karɓar bashi, FDCPA, ta hana su karɓar kowane irin kuɗi sai wanda yarjejeniya ta ambata ƙarara ko wanda doka ta halatta. A Yunin 2022 hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, CFPB, ta fitar da bayani cewa kuɗin biya ta waya ko intanet yana cikin abin da aka hana. A 2025 ta janye bayanin tare da wasu takardun jagora da yawa, amma sashen dokar yana nan daram, kuma a shekarar ce kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai kula da Filorida, Jojiya da Alabama ta yanke cewa irin wannan caji ya saɓa masa. Wanda ya yi ƙara ya ci yana iya samun abin da ya yi hasara, da diyya har dala 1,000, da kuɗin lauya. Wa'adin shigar da ƙarar shekara ɗaya ne daga ranar da aka yi laifin.

Sai dai dokar ba ta cika hawa kan wanda ya ba da bashin da kansa yake kuma karɓar abinsa ba. Shi ana kama shi ne da yarjejeniya, da dokar jiha, da ƙa'idar Visa ko Mastercard.

Fara da mai bashin, a rubuce

Tara hujja tukuna: hoton shafin biya kafin ka danna da bayan ka danna, rasit, bayanin asusun banki, da shafin yarjejeniya. Lissafa duk watannin da aka yi cajin, kowanne da ranarsa da adadinsa.

Kira ba laifi ba ne, wani lokaci nan take za a mayar maka da na wata ɗaya don a sallame ka. Rubuta sunan wanda ka yi magana da shi da lambar kiran. Amma takarda ita ce ke tsayawa a gaban hukuma. Wasiƙar ta zama gajera: sunanka, lambar asusun bashi, ranaku da adadin cajin, dalili guda (alal misali, "katin debit ne, an caje ni kashi 3"), sai buƙatarka, wato a mayar da kuɗin, a daina cajin, a kuma nuna maka sashen yarjejeniya da ya ba su dama. Ba su kwana 30. Aika ta wasiƙar rajista mai dawo da shaidar karɓa, ka ajiye kwafi.

Bashin gida yana da tasa hanya, kuma ta fi ƙarfi. Rubuta notice of error, wato sanarwar kuskure, a saman wasiƙar, ka aika adireshin da kamfanin ya ware don koke, wanda sau da yawa daban yake da inda ake aika ceki. Dole su shaida karɓa cikin ranakun aiki 5, su gyara ko su ba da amsa cikin ranakun aiki 30, da damar ƙarin 15 idan sun sanar da kai. Cajin da ba shi da dalili yana cikin kurakuran da wannan ƙa'ida ta lissafa. Abin da aka rubuta a jikin takardar biya ba ya zama koke.

Kana cikin wannan, ka koma biya ta hanyar da ba ta da caji, yawanci cirewa kai tsaye daga asusun banki ko ceki.

Jayayya ta hannun bankinka

A katin kiredit, dokar 1974 kan kuskuren lissafi ta ba ka kwana 60 daga ranar da aka aiko bayanin asusun da cajin ya fara fitowa a ciki. Kokenka ya isa adireshin da bankin ya ware don kuskuren lissafi. Bankin zai shaida karɓa cikin kwana 30, ya kammala bincike cikin zagayen lissafi biyu, kada ya wuce kwana 90. Maɓallin jayayya na manhaja yana aiki, amma kariyar doka a kan rubutaccen koke ta dogara, don haka ka haɗa biyun. A katin debit ma kwana 60 ne, bankin yana da ranakun aiki 10, idan zai wuce haka har zuwa kwana 45, ko 90 a cinikin da aka biya da katin, sai ya fara sa maka kuɗin na wucin gadi.

Ga inda mutane ke jawo wa kansu. An cire dala 463.50 a dunƙule, mutum ya fusata ya ce bai yarda da cirewar ba gaba ɗaya. Banki ya janye kuɗin duka, shi kuma mai bashi ya rubuta cewa ba a biya watan ba. Tarar jinkiri ta biyo baya, idan aka kai kwana 30 labari ya isa kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, wato Equifax, Experian da TransUnion, tabon kuma yana iya zama har shekara 7. Garin neman gira an rasa ido. Ka rubuta ƙarara cewa dala 13.50 kaɗai kake jayayya a kai, dala 450 kuwa daidai ne. Kada ka ce ba kai ka yi cinikin ba alhali kai ka yi, domin da zarar kamfanin ya nuna shaidar amincewarka an rufe maganar. Kada kuma ka zaftare cajin da kanka daga biyan wata mai zuwa, biyan zai zama bai cika ba.

Banki yana iya ƙin kokenka idan kamfanin ya nuna ka ga cajin ka danna amincewa. Wannan bai wanke cajin ba, sai dai ka wuce ga hukuma.

Inda ake kai ƙara

Karya ƙa'idar kati, kamar caji a kan debit ko wuce kashi 3 a Visa, ana kai shi shafin koke na Visa ko Mastercard. Ba su ne za su mayar maka da kuɗi ba. Suna bi ta bankin da ke karɓar wa kamfanin kuɗin kati, kuma tsoron tara yana sa a daina cajin da sauri.

CFPB tana karɓar koke a shafinta na intanet kyauta. Tana tura wa kamfanin, wanda ake sa ran ya amsa cikin kwana 15, ko ya kammala cikin kwana 60. Haɗa kwafin wasiƙarka da rasitai, ka faɗi adadin da kake so a mayar maka da lamba. Idan mai bashin banki ne mai lasisin tarayya, hukumar sa ido kan irin waɗannan bankuna, OCC, ce ke kula da shi. Idan kuwa ƙungiyar adashi da lamuni ce mai lasisin tarayya, hukumar NCUA ce ke kula da ita.

Ga ƙananan kamfanonin bashin mota da na bashin gaggawa, hukumar jiha ta fi saurin motsa su, don a hannunta lasisinsu yake. Nemi sunan kamfanin a shafin duba lasisi na NMLS Consumer Access, a mafi yawan lokuta za ka ga lambar lasisinsa da hukumar da ta ba shi. Idan doka ta buƙaci lasisi kuma ba shi da na jiharka, sa wannan a layin farko na koken. Aika kwafi ga sashen kare masu saye na ofishin Antoni-Janar. Hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ma tana karɓar rahoto, amma tara bayanai take yi, ba ta warware matsalar mutum ɗaya.

Idan duk an bi ba a samu ba, akwai kotun ƙananan da'awa, wadda ba ta buƙatar lauya. Kafin ka biya kuɗin shigar da ƙara, sake duba yarjejeniyar, domin da yawa suna ɗauke da sharaɗin zuwa wajen mai sasantawa maimakon kotu, ko da yake galibi suna barin ƙofar kotun ƙananan da'awa a buɗe.