Idan ka samu hutu a Koriya, ka leƙa masaukin baƙin sarki

Ɗan'uwa, idan karatu ko aiki ne ya kawo ka Koriya ta Kudu, a watannin farko ba ka sanin ko'ina sai ɗakinka da wurin aiki da ɗan kantin da ke ƙasan bene. Kafin kaɗaici ya yi maka katutu, akwai inda nake tura duk sabon zuwa, kuma ba a karɓar ko sisi a bakin ƙofa: tsoffin masaukan baƙi na hukuma, waɗanda 'yan ƙasa ke kira gaeksa. Kada ka ɗauki jaka da niyyar kwana, yanzu kallo kawai ake zuwa yi.

A zamanin daular Joseon, wadda ta yi mulki daga 1392 zuwa 1910, duk garin da ke da hakimi yana da irin wannan gida. Jakadu da manzannin fada a nan suke sauka. Amma babban aikinsa ya wuce saukar baƙi. A zauren tsakiya ake ajiye wani allon katako da ke tsaye a madadin sarki, kuma duk ranar 1 da ranar 15 ga watan sama, hakimi da muƙarrabansa sukan zo su fuskanci wajen fada su kwashi gaisuwa, ko da kuwa tsakaninsu da sarki tafiyar kwanaki ce. Ka tsaya daga tsakar gida ka ɗaga kai: rufin tsakiya ya ɗara na gabas da na yamma tsawo. Baƙo duk girmansa a gefe yake kwana, tsakiya ta mai ƙasa ce. Wanda ya lura da wannan ba zai yi mamakin yadda abokin aikinsa ke miƙa wa shugaba takarda da hannu biyu ba, ko yadda suke tambayar shekarunka tun ganin farko. Mu da muka tashi muna tuɓe takalmi tun daga ƙofar zauren hakimi, abin ba baƙo ba ne a wurinmu.

Mafi sauƙin zuwa shi ne na birnin Jeonju, wato Pungpaejigwan. Jirgin ƙasa na KTX daga tashar Yongsan a Seoul bai kai awa biyu ba. Ginin yana tsakiyar kasuwa, shaguna sun kewaye shi, har matasan garin nan suke yin alkawarin haɗuwa. Jeonju ce tushen gidan sarautar Joseon, shi ya sa aka ba masaukin nan girma na musamman. A 1914, lokacin mulkin mallakar Japan, an rushe ɓangaren gabas don a faɗaɗa hanya, sai a 1999 aka sake gina shi. Idan ka matsa kusa za ka iya bambanta sabon katako da tsoho. Ana barin mutane su hau daɓen katakon su zauna, amma ka bar takalminka a kan dutsen ƙasa, ka kuma sa safa mai tsabta. Da bazara iska na ratsa wurin ta kowane gefe, za ka tarar da tsofaffi sun miƙe ƙafa suna hira.

Taba kuwa, ko da wasa kada ka kunna ta. Tun da aka cinna wa tsohuwar ƙofar gari ta Sungnyemun wuta a Seoul a 2008, ba sa wasa da maganar wuta kusa da tsohon gini, kuma akwai tara.

Na Gangneung, can gaɓar teku ta gabas, sunansa Imyeonggwan. An kafa shi a 936, tun zamanin daular Goryeo. An mayar da shi makaranta a zamanin Japanawa, daga baya aka rushe komai, ƙofa kaɗai ta tsira. Sauran gine-ginen da za ka gani na baya-bayan nan ne, don haka ka ba ƙofar lokacinka. Ginshiƙanta suna da ɗan tumbi a tsakiya, sun tsuke sama da ƙasa, babu fenti mai ƙyalli. Ni a ganina ta fi duk sababbin kyau. Akwai kuma Geumseonggwan a Naju da Jinnamgwan a Yeosu ga wanda ke zaune a kudu.

Wasu 'yan'uwa kan yi ɗari-ɗari, suna zaton wurin bauta ne. Gidan hukuma ne, ba wanda zai ce ka rusuna wa komai.

Wajen neman hanya ka riƙe manhajar taswira ta Naver Map ko KakaoMap, sun fi Google sanin lungunan ƙasar, katin biyan kuɗin mota na T-money kuma ya ishe ka shiga bas. Idan ka ɓata, ka buga 1330, lambar taimakon masu yawon buɗe ido, suna amsawa da Turanci. Abincin da Jeonju ta yi suna da shi bibimbap ne, shinkafa da ganyayyaki, sai dai yawanci ana ɗora naman sa a kai. Ka ce musu "gogi ppaejuseyo", za su cire maka naman. In ranar Juma'a ce, akwai masallacin Abubakar Siddiƙ a cikin garin, ka lissafa lokacin bas tun kafin ka bar masaukin.