Yadda za ka haɗa tsohon hannun gem da wasannin sauti na makafi

Jama'a wanda yake da tsohon hannun PS2 ko na Xbox 360 a gida kar ya yar, yana yi wa 'yan uwanmu makafi aiki a wasannin da ake bi da kunne a kwamfuta.

Da farko duba bakin wayar. Na Xbox 360 mai waya USB ne, kana sokawa Windows za ta gane shi, amma na PS2 sai ka sayi adafta, ka leƙa Beirut Road ko Farm Centre a Kano, kuma don Allah a gwada maka a shagon kafin ka biya.

Ka soka, sai ka danna maɓallin Windows da R tare a kibod, ka rubuta joy.cpl, NVDA, manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo, za ta karanto ma sunan hannun in ya shiga.

To yawancin wasannin nan kibod kawai suka sani, shi ya sa za ka sauke JoyToKey, ita ce za ta mayar da kowane maɓalli ya zama na kibod, sama ƙasa hagu dama ka ba su kibiyoyi, X kuma Enter ko Space, ya danganta da wasan. Ko wane wasa ka yi mai nasa saitin daban, kar ka cakuɗa.

A na PS2 akwai maɓallin Analog a tsakiya, jar fitila ce ke nuna ya kunnu, wanda baya gani kuwa sai dai ya danna ya juya sandar ya ji.

Sannan sa iyafis kunne biyu, da sifika ba za ka gane ta ina abokin gaba yake tahowa ba.