Yadda za ku fara awar karatu a laburaren firamare

Salamu alaikum malamai 'yan uwana na unguwannin Aboabo da Asawasi a Kumasi ta Ghana, wannan abin ba sai da kuɗi masu yawa ba wallahi.

Da farko ku samu hedimasta ya ba ku rana ɗaya a sati, minti 30 ma ya isa, amma a saka shi cikin tayim tebur, in ba haka ba wani darasi zai cinye shi.

Sai ku ware littattafan, 'yan aji 1 zuwa 3 a ba su masu manyan hotuna da rubutu kaɗan, a ajiye a kantar ƙasa inda hannunsu zai kai. In littattafan ba su isa ba ku leƙa laburaren Ashanti da ke Cultural Centre ku tambayi yadda ake aro.

Ranar karatun a shimfiɗa tabarma, malami ya zauna ƙasa tare da su ya ɗaga littafin kowa ya ga hoton, ya karanta a hankali yana canza murya, in an zo kalma mai wuya ya tsaya ya faɗe ta da Hausa ko Twi tunda da su yaran nan suka tashi, sannan ya tambaye su me kuke gani zai faru gaba? Nan ne za ku ga yaron da bai taɓa magana a aji ba ya ɗaga hannu. Don Allah banda bulala a wannan lokacin, yaron da ke jin tsoro ba ya son littafi.

Kafin a tashi kowa ya zaɓi littafi ɗaya, a rubuta sunansa da aji da kwanan wata, ya dawo da shi sati mai zuwa.